Kushin ɗin Gwanjo a Ɗakin Renon Gwaggo

Ya kamata in fara da faɗin inda na samo abin da zan rubuta. Bayanin hanya da na gida daga ɗan littafin da ke jakata yake, wanda na riƙa cikawa ranar Laraba da Alhamis na makon jiya. Bayanin sinadarai kuwa daga abin da aka koya mana a jami'a ne, da abin da na karanta bayan na gama. Ban auna komai a ɗakin gwaji ba, domin ba ni da halin yin haka. Abin da na tuna na yarinta, yayata ta gyara mini shi a wuri biyu, kuma na karɓi gyaran. Inda ban tabbata ba, zan faɗa.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha a Kaduna, ni da yayata, ana yayyafi. Kuɗin mota ya haura abin da na sani nesa ba kusa ba, direba kuma ya ɗora laifin a kan man fetur tun kafin kowa ya tambaye shi. Hanyar tana da wuraren da suka yi sumul da wuraren da sai an lallaɓa, gonaki duk sun yi kore shar. Yayata ta yi barci tun kafin mu yi nisa, ta bar ni da dalilin tafiyar.

Dalilin hoto ne. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe mu shekara huɗu muna ƙanana, yanzu renon yara take yi a gidanta da ke unguwar Hashimi a Suleja. 'Ya'yan masu aiki a Abuja ne, waɗanda ke fita da duku-duku su dawo bayan magariba. Ta aiko mini hoton ɗakin renon cikin alfahari: kafet daga bango zuwa bango, katifu a jere, da manyan kushin na kujerun gwanjo da yara ke birgima a kai. Abin da idona ya tsaya a kansa shi ne gefen wani kushin da ya yage, soso yana marmashewa kusa da hannun wata jaririya.

A Gauraka muka sauka don mu karya. Mun sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa a wurin wata mata da ke ciniki da Hausa, tana faɗa da wani bakanike da Turancin kasuwa, ba tare da ta ɓata lissafin ko ɗaya ba. A da, idan muka iso nan, na san saura kaɗan in ga Gwaggo, sai in kasa cin komai. Wannan karon ma masarar a jaka ta ƙarasa, amma don wani dalili dabam.

Gidan ya canza. Bishiyar mangwaron da muke wasa a ƙarƙashinta babu ita, ɗakunan haya uku sun maye gurbinta. Gwaggo dai tana nan yadda take, da zaninta a ɗaure sama da ƙirji da yaro a goye. Uwata take ce mini, saboda sunan mahaifiyarta na ci. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce digirin bai sa mini ko ƙiba ba, sannan ta ja ni ɗakin renon kafin in cire takalmi da kyau.

A wannan ɗaki muka yi yarinta. Daɓe ne a lokacin, da tabarmin kaba guda biyu da ake shanyawa a rana. Kowace safiya Gwaggo takan yayyafa ruwa da hannu kafin ta sa tsintsiya, kuma har yau idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ita nake tunawa. Yayata ta ce tabarmi uku ne, ba biyu ba, na kuma karɓi gyaran.

Da azahar, bayan yara sun ci abinci, na ga Gwaggo ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar kafet, yaran suna zaune a ƙasa. Ƙura ta tashi a cikin hasken taga. Na tambaye ta ina ruwan da take yayyafawa. Ta ce wa ke zuba wa kafet ruwa, ai wari zai yi. Tun ranar da aka shimfiɗa shi ta daina.

Sai na zaunar da ita na yi mata bayani yadda na iya. A wasu ƙasashe ana zuba wa soson kujeru da na kayan jarirai sinadaran da ke hana su saurin kamawa da wuta. Da yawansu ba sa zama daram a cikin soson, a hankali suke fita su shiga ƙurar ɗaki, musamman idan ya tsufa ya yage. Babba a tsaye yake, yaro kuwa a ƙasa yake rarrafe, hannunsa daga ƙasa sai baki. An danganta wasu daga cikin sinadaran da taɓa girman ƙwaƙwalwa da sinadaran da ke tafiyar da jiki. Na jaddada mata cewa ba cuta ce ta yau da gobe ba, kuma kada ta ɗauka ta cutar da ɗan kowa.

Da na ce gara a naɗe kafet a koma tabarma, sai ta ce iyayen nan kafet da katifa suka gani suka kawo 'ya'yansu. Idan suka leƙo suka ga tabarma, za su ce ta mai da yaran ƙauye, su kwashe su. Renon nan shi ne abincinta.

"Uwata, ki faɗa mini gaskiya," in ji ta. "Akwai abin nan a cikin kayana ko babu?"

Na juya kushin ɗin. Biyu daga ciki suna da ɗan ƙyalle da aka ɗinke, an rubuta da Turanci cewa sun cika ƙa'idar kariya daga gobara ta ƙasar da aka yi su. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma ba awo ba ne. Katifun kuwa na gida ne, ban san abin da ke cikinsu ba.

"Gwaggo, ban sani ba," na ce. "Kushin ɗin nan ina zarginsu sosai. Katifun ba zan iya cewa komai ba."

Yayata ta ce shekara huɗu a jami'a, amsar ke nan. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce ai gara wadda ta ce ba ta sani ba.

Bayan magariba uwar jaririyar da ke cikin hoton ta zo ɗaukarta. 'Yar Kudu ce, tana haya a bayan layin, Hausarta rabi da rabi. Gwaggo ta tsayar da ita ta ce in maimaita bayanina, domin ta ji da kunnenta ko za a kwashe yara. Na maimaita, ina sane da abin da ke rataye a kan amsarta. Matar ta saurara har ƙarshe, ta tsuguna ta murza marmashin soson a tsakanin yatsunta, ta buɗe tafin 'yarta ta duba. Ta ce ita ma a tabarma aka rene ta. Damuwarta ɗaya ce, kada sanyin siminti ya kama yarinya a wannan damina. Gwaggo ta ce za a ninka bargon auduga a kan tabarma. Matar ta ce ya yi. Uwa ɗaya ce kawai, ban san abin da sauran za su ce ba.

Washegari muka naɗe kafet. Abin da muka tarar a ƙarƙashinsa ba zan siffanta shi ba, saboda darajar Gwaggo. Aka goge siminti da jiƙaƙƙen tsumma, aka buɗe tagogi, aka ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa don wanke hannu kafin cin abinci. Katifun da ba su yage ba za a ɗinka musu riga mai kauri. Kushin ɗin kuwa muka fitar tsakar gida.

Ina ɗaure jakata na hango Gwaggo da kwalbar kananzir da ashana, za ta ƙone su a bayan gida kamar yadda ake yi da kowace shara. Na yi sauri na riƙe hannunta, domin hayaƙin irin wannan soso ya fi ƙurarsa illa, ga yara a ɗaki. Yayata ta ce a kai wa masu katifa a kasuwa. Gwaggo da kanta ta ce su yayyanka shi suke yi su cusa a matashin kai su sayar. Idan an kai bola, kafin la'asar wani ya ɗauke su ya kai gidansa.

"To ina zan kai su?" in ji ta.

Muka cusa su a buhuna, muka ɗaure bakin, muka jingine a ɗakin ajiya. Ta raka mu bakin titi da ƙullin daddawa, ta ce za ta jira waya daga gare ni.

Mun iso Kaduna da la'asar. Na tafi da niyyar koya wa Gwaggo abin da na karanta, na tarar rabinsa tana yi tun kafin in iya tafiya, kafet ne kawai ya raba ta da shi. Sauran rabin kuwa, karatuna ya tsaya a kan cewa a fitar da tsohon soso daga ɗakin yara, bai faɗi abin da ke biyo baya ba. Na tambayi mutum uku da na yi zaton za su sani, babu wanda ya ba ni amsar da zan iya tsayawa a kanta, shi ya sa har yau ban buga wayar ba. Buhunan suna nan a Hashimi. Ina ake kai irin wannan soso a Suleja, ba tare da an ƙone shi ba, kuma ba tare da ya koma ƙarƙashin kan wani yaro ba?