Matar da ta yi wa maɗaci tambaya

Kafin masu shara su iso, Malama Mai Ƙirga ta riga ta buɗe ɗakinta a ofishin gandun daji. Ɗakin cike yake da faifan katako da aka yanko daga kututture. Ta ɗauki samfefa ta yi ta guga har zobban ciki su fito, sannan ta kafa gilashin ƙara girma tana ƙirga su da bakin allura, kowane zobe shekara ɗaya ta itacen. Shekara talatin ke nan, watan nan za ta ajiye aiki.

Ni da ambaliya ta share gari ta bar ni kwana biyu a kan maɗaci, ba kowa nake yabo ba. Ban yi boko ba, jikata ke rubuta wannan, amma ruwa na fi kowa saninsa.

Da aka ce za a gina makaranta a bakin rafi, na ce ruwa ya taɓa shanye wurin. Aka kwashe da dariya: "Baba, ruwan nan naka kullum ƙara tsawo yake!" Ita kaɗai ta ce, "Ina maɗacin?" Iska ta kayar da shi bara. Ta sa aka yanko mata faifai biyu daga jikinsa, na ƙasa da na sama.

Na bi ta kallo. Na ce, "Ashe itace ma yana da baki?"

"Har da ƙarya, Baba. A ƙasa mai zafi, in damina ta tsaya ta dawo, sai ya yi zobe biyu a shekara ɗaya."

Mako uku tana gwada shi da wasu itatuwa, tana tsince zobban ƙarya. Sannan ta nuna min tabo, inda gungumen da ruwa ya kwaso ya daki bawo. Shekara hamsin da takwas, daidai da ambaliyar da na gani, tsawonsa kuma sama da kaina! Na fara buga ƙirji.

"Dakata, Baba." Ta jawo faifan sama. Ga wani tabon, tun ba a haife ni ba, ya ɗara nawa da kamu biyu.

"Wato nawa ƙane ne?"

"Ƙane ne."

Malama, ke ce kika tsaya gaban magina da katako biyu a hannu, har aka mayar da makarantar kan tudu. Na gode, 'yata, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku na baya, ku koyi tambaya kafin dariya. Labarina kam har gobe ina ba da shi, sai dai yanzu da na yayan ruwan nawa nake farawa.