Ajiyar da Baba Ya Bar Mini a Magarya

Wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma na rantse da Wanda raina yake hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. A shekarun farin nan ne, lokacin da aka yi damina biyu a jere gero yana kaiwa gwiwa ya ƙone a tsaye. Ina zaune a ƙauyenmu gabas da Ɗambatta, gandu ɗaya muke nomawa da mahaifina, ina da mata da 'ya guda da ba a daɗe da yaye ta ba. Waɗanda suka ga lokacin sun san abin da nake faɗa, mata har gidan tururuwa suke tonawa su sheƙe ɗan abin da suka samu.

Baba yana da dami guda na iri a rumbu, zangarniyoyin da ya zaɓa da hannunsa, ya kuma ce ko mutuwa za a yi a gidan kada wanda ya taɓa shi, don ranar da ruwa ya sauka wannan damin shi ne gonar. Ni kuwa ina kallon 'yata, kuka ma ya gagare ta, sai dai ta buɗe baki. Wata Juma'a da ya tafi masallaci na hau rumbu na sauko da damin, matata ta sussuke, muka yi ta dama wa yarinyar kunu muna lasar ludayi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko yau aka mayar da ni ranar ban san ko zan fasa ba. Da Baba ya leƙa rumbu ya ga wayam bai zage ni ba, ya sauko ya kakkaɓe rigarsa ya shige ɗaki. Daga ranar in na gaishe shi sai ya ce "lafiya" ya kau da kai, ni kuma da taurin kaina na ce bari ya huce tukuna na je na durƙusa. Ba a yi wata ba zazzaɓi ya kwantar da shi, ina can daji neman ganyen da za a dafa Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi Inna ko ya ambace ni, ko ya ce ya yafe mini, ta ce bai ce komai ba.

Daga nan zama ya gagare ni. In na zauna a zaure sai na ji kamar a kan ƙaya nake, in na fita gona na dawo, in na dawo na sake fita, masu zuwa gaisuwa suna "Allah ya ba da haƙuri" ni kuwa haushinsu nake ji ba gaira ba dalili. Ana yin sadakar bakwai na kai matata da yarinyar gidan iyayenta, na ce wa Inna zan je Nijar wurin Sale na yi kwana biyu. Sale abokina ne tun muna kiwon awaki, kawunsa ya tafi da shi Magarya, a can yake gyaran keke a bakin kasuwa. Na bi ta Ɓaɓura, wani wurin a bayan mota wani wurin a ƙasa, duk wanda na gamu da shi kudu ya nufa da jaki da tabarma yana gudun yunwa, ni kaɗai na sa gaba arewa. Har wani jandarma a kan iyaka ya dube ni ya tambaya ko lafiyar kaina ƙalau.

Da hantsi na isa, na tarar da shi ya kifa keke yana liƙe taya. Ba a jefa wa mutum labarin mutuwa daga tsaye, don haka na ƙudura sai na sha ruwa mun gaisa sannan na gaya masa. Ina cikin shan ruwan ya ce, "Bakano, ashe saɓani kuka yi da Baba a hanya? Ya isa gida lafiya?"

Na ajiye moɗar na ce wane Baban.

Ya ce, "Baba nawa kake da su? Ran kasuwar da ta wuce ya zo nan, ga inda ya zauna, kan bencin da kake kai. Na kawo masa ruwa bai sha ba, na yi na yi ya kwana ya ce sauri yake. Ya ce kana tafe, ya ba ni ajiyarka."

Na lissafa a raina, ranar da yake faɗa Baba ya kwana biyar a kabari, kuma da hannuna na karɓe shi na sa a ciki. Na ce, "Sale, Baba ya rasu, har an yi bakwai." Ya yi dariya ya ce ba ya son irin wannan wasan, da ya ga fuskata sai ya zauna a ƙasa daɓas yana salati. Can ya tashi ya shiga rumfa ya fito da wani ƙulli a tsumman rawani, ya ajiye a gabana bai yarda ya miƙo mini a hannu ba. Na kwance, gero ne kamar tiya guda, sussukakke tas, mai manyan ƙwaya irin namu na gida.

Tsoro ya kama ni, amma wallahi akwai abin da ya fi tsoron cina. Na riƙe hannun Sale na ce, "Me ya ce a kaina? Ya ce ya yafe mini?" Sale bai san abin da ya shiga tsakaninmu ba, ya ce shi dai da ya ga fuskar tsohon ba walwala ya tambaye shi ko lafiya muke, sai Baba ya ce, "Ka ce masa geron nan na shuka ne." Daga nan tsohon ya miƙe ya shiga cikin 'yan kasuwa. Na sa Sale ya maimaita mini ya fi sau goma, ko akwai kalmar da ya manta, har ya gaji ya ce don Allah na ƙyale shi. Kwana biyu na yi a Magarya ina zaga kasuwa ina leƙen fuskokin tsofaffi, ban zauna mun yi hirar kirki da abokin da na zo dominsa ba. Wani malami da Sale ya kai ni wurinsa ya ce mamaci ba ya dawowa, aljani kuwa yana ɗaukar kowace siffa, na yi wa mahaifina addu'a na koma gida.

Na koma, ban gaya wa Inna komai ba, na rataye ƙullin a rumbu. Yunwa ta yi mana yadda ta so, ban taɓa ko ƙwaya ba. Da ruwan shuka ya sauka na ɗauki sungumi na fita da safe ni kaɗai, don Inna tana takaba, matata kuma ba ta dawo ba. Ga wanda bai san aikin ba, mutum biyu ke yin shuka: ɗaya yana gaba yana saran rami da sungumi, ɗaya yana binsa yana jefa iri yana rufewa da diddige. Kullum ni ne a gaba, Baba a baya. To da yake babu mai bina, sai na juye geron a ƙwarya na ajiye a gindin gawo, na ce na sare layi goma sannan na dawo na bi su da iri.

Na sare layin farko har ƙarshen gona, na juyo don na kama na biyu, sai na ga babu rami ko ɗaya a buɗe. Duk an rufe, kowanne da shaidar diddige a kansa, diddigen hagu, kuma a duk unguwarmu Baba kaɗai na sani yana rufe shuka da hagu. Rana ta fito sarai, ga maƙwabta can a gonakinsu ina jin muryoyinsu, babu kowa a tawa. Na durƙusa na tona ɗaya da yatsa, ga gero a ciki. Na je gindin gawo, ƙwaryar tana nan inda na bar ta, amma geron ya ragu. Na koma na ci gaba da sara ina kuka ina cewa "Baba ka yafe mini", ban sake waiwayawa ba sai in na kai ƙarshen layi, haka har geron ya ƙare. Ban ji takun kowa ba, ba a kuma amsa mini ba.

Gonar ta yi, ba yabo ba fallasa, ta dai kai mu wata damina. Abin bai sake faruwa ba, kuma ban san mene ne ya bi ni a gonar nan ba, Allah ne masani. Ku da iyayenku suke raye, in akwai wani abu tsakaninku kada ku jira su huce, ku je yau ku durƙusa ku ji amsar da kunnenku. Ni yanzu na girmi Baba a shekarun da ya rasu, kuma har gobe in na tuna tsigar jikina tashi take, don na kasa gane ko taya ni shuka ya zo yi saboda ya yafe, ko kuwa bai yarda ya sake barin iri a hannuna ba ne.