Ƙarfen da Ya Fi Ƙashina Faɗi

Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa Doha ta haɗiye Hajiya Rabi, to ga ni, da raina.

Gwiwata ta dama ce ta cinye, har sujada ta gagare ni, na koma salla a kan kujera. Likita ya ce sai an sa ƙarfe. Inshorar makarantar da nake koyarwa ta ɗauki nauyi, aka yi aiki.

Da na fara takawa sai wata ƙara ta soma. Ƙas. Ƙas. Ina tafiya a barandar gidanmu a Rayyan, sai in ji kamar wani na bina. In na tsaya, ya tsaya. In na waiga, ba kowa. Ga zafi kamar ana goga min wuƙa. Wallahi na tsorata, na cire rai da sake kai goshina ƙasa.

Yayata ta kira daga Kano: "Rabi, wannan ba na asibiti ba ne. Zan aiko miki da rubutu."

Shi kuwa likita duk sanda ya tambaya, sai in ce da sauƙi. Yo haka aka rene mu, ko rai na hannun Allah da sauƙi ake cewa. Bawan Allah ya ɗauka gaskiya ne.

Rannan a ɗakin gashin ƙashi, ina zaune ban ko motsa ba, na ji ƙarar nan tawa. Ƙas. Ashe wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin ke wucewa. Ta ga yadda na zura mata ido, ta kama hannuna ta ɗora a gwiwarta, na ji abu na gogawa. 'Yarta da ta rako ta ta ce min ƙarfen da aka sa mata ya fi ƙashinta faɗi, za a canza.

Ranar na fasa wa likita komai. Ya sa aka sake hoto.

"Yawancin ƙarafan nan da ƙashin Turawa aka auna su," in ji shi. "Ƙashin mutanen Sin ya fi siranta. Naki ma siriri ne. Hajiya, me ya hana ki faɗa min?"

Aka sake aiki, aka sa daidai ni. Na sha wuyar gashi, amma Juma'ar da ta wuce na yi sujada. Na daɗe a ƙasa ina kasa kunne. Shiru. Sai kukana.

Alhamdulillahi. Na gode wa maigidana da ya yi jinyata, da tsohuwar da ko sunanta ban tambaya ba.

In za a sa muku ƙarfe, ku tambaya ko an auna shi da ƙashinku, ku ce a ƙasa kuke salla. "Da sauƙi" kuma ku ajiye wa 'yan dubiya. Likita ku gaya masa inda ke ciwo.