Rigar ceton da na farke

Ni baduku ne, a Jakara aka haife ni, a nan kuma rumfata take. Na girma da wani hali: in na ga abu mai kyan aiki, hankalina ba ya kwanciya sai na buɗe na ga yadda aka haɗa shi.

Wata shekara na kai jakunkuna Legas, na dawo a jirgin sama. Kafin mu tashi, ma'aikaciyar jirgin ta tsaya a gabanmu ta zura wata riga ruwan ɗorawa a wuya, tana nuna yadda ake hura ta idan jirgi ya faɗa ruwa. Ta ce kowa tasa na ƙarƙashin kujerarsa. Ni ɗinkin maɗaurin kawai nake kallo. Da muka sauka Kano ana ta turereniyar fita, na sunkuya kamar mai gyara takalmi, na zaro tawa na cusa a jaka. Har sai da na yi wa yarinyar godiya a bakin ƙofa.

A rumfa na sa almakashi na farke ta. Ashe jikin ma ba ɗinki ba ne, liƙi ne. Na gama kallo na wurgar da ita kan tarin fatu.

Bayan kamar mako uku, wata Asabar da hantsi, sai ga 'yar ƙanwata daga Goron Dutse, ta kawo jakarta maɗauri ya tsinke. Aikin jirgi take yi, a wani kamfanin daban. Ta durƙusa ta gaishe ni. Tana ɗagowa idonta ya sauka kan rigar.

"Kawu, ina ka samo wannan?"

Na ce tsinta na yi.

Ta ɗauko ta, ta juya ta, ta karanta rubutun jiki. Sannan ta ce a hankali, "Kawu, ba a tsintar wannan."

Maƙwabcina na rumfar gefe ya dakata da jan zare. Ta lura, sai ta ƙara rage murya. Ta ce kafin a kwashi fasinja, sukan bi kujeru suna sunkuyawa suna laluba ƙarƙashi, saboda doka ta ce kowace kujera da rigarta. Idan an ga babu, dole a nemo wata ko a hana zama a wurin, ma'aikatan kuma su sha tambaya.

"In kuma ido ya tsallake ta fa?" na tambaya.

"To wani ya zauna a nan ke nan, an ce masa tasa na ƙasa, alhali babu."

Yarinyar nan ni na yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, ni na riƙa kai ta makarantar allo a kan keke. Ga ta durƙushe a gabana tana zaɓar kalmomi don kada ta kunyata ni. Na ce mata ƙarya na yi, ɗauka na yi. Na roƙe ta ta taimaka a mayar.

Ta zura yatsa ta inda na farke. "Wannan ta gama aiki, Kawu."

Duk da haka ta ninke ta ta sa a leda ta tafi da ita, ta ce kada wani ya gani ya yi sha'awa.

Ran Litinin na kai jakar Goron Dutse da kaina, ina jiran ƙanwata ta tare ni da faɗa. Ta kawo mini fura, muka yi hirar 'yan uwa har la'asar. Sai na gane 'yar ba ta faɗa mata ba. Na yi ta neman bakin da zan faɗa da kaina ban samu ba, na yi sallama na fito.