Ranar da Aka Yi wa Kamiyo Wankin Ciki a Karofane

A Karofane na tashi, a gindin kakata Hassu. Lokacin ɗari, in an gama cin tuwo, sai ta tura karan dawa cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta muna ƙanƙame da gwiwoyi. Tatsuniyoyin kura da dila da dariya take yin su. Amma akwai labari guda da in za ta fara sai ta tofar da yawu gefe tukuna. Labarin ƙanenta Illa ne.

Illa ya tafi Madaoua yana saurayi, ya zama shofer, yana tuƙa kamiyo, babbar motar kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin. Wata bazara, kafin a haife ni, kamiyon ya tsaya a bakin garinmu yana tururi kamar tukunyar talge. Ruwan rijiyoyinmu yana barin wani farin ɓawo a duk abin da aka dafa shi ciki, to shi ne ya toshe radiyater, tankin ruwan da ke sanyaya inji. A shekarar kuwa rijiya ta ja baya, mata suna wuni suna kwalfa kafin su cika tulu.

Illa ya sauko da hular Nasara, bai gaida kowa ba. Da Faransanci yake magana, gardin da ke tare da shi, dogarin kumandan, yana fassara wa mutane.

"Wai shi bai jin Hausa!" in ji Kaka. "Ni da nig goya shi, niw wanke mashi kashi!"

Ya ce kowane gida ya kawo ruwansa, a kawo kanwa. Uwata tana jegon yayata a lokacin, har ruwan wankanta da ke kan wuta gardi ya sauke. Illa ya jiƙa kanwa a ruwan zafi, ya ɗura wa kamiyo, ya tada inji, sannan ya buɗe ƙasan radiyater. Wani jan ruwa mai tsatsa ya kwararo cikin rairayi. Ya sake ɗurawa, ya sake zubarwa. Awaki suka taru suna lasar laka, mata na tsaye da tuluna wayam suna kallo. Da ruwan ya fara fita fari, sai ya kaɗe hannuwa yana murmushi, kamar wanda ya ci yaƙi.

A nan Kaka takan yi wata 'yar dariya ta hanci. Ashe ɓawon nan shi ya liƙe hujojin tsohon ƙarfen. Da aka wanke shi, radiyater ya koma rariya, ruwa na tsiyaya ta ko'ina. Kamiyo bai ƙara motsi ba. Sai gardi ya tara mazan gari, har da kakana, aka ɗaura igiyoyi, suka ja shi cikin duwatsu har Bouza.

"Shi ko yana bisa kujera riƙe da sitiyari," in ji Kaka, "yana ma kawunnanshi tsawa su yi sauri. Tir!"

Mu yara motar muke wa dariya. Illan da na sani tsoho ne mai raunin ido, da Nasara suka sallama ya dawo gida, yana wuni jikin danga yana ba yara labarin Madaoua. Kullum Kaka tana aika masa tuwo, amma ban taɓa jin ta amsa gaisuwarsa da fiye da "lahiya" ba.

Daga baya ni ma na yi tuƙi, na wanke radiyater ba iyaka, har ya taɓa ɓule mini kamar nasa. Sai na gane ba kuskuren aiki Kaka ta raina ba, wannan yana samun kowa. Abin da ta raina shi ne mutumin da aka ara wa kujera, ya hau, ya dubi 'yan uwansa bai ga komai ba sai tuluna da kafaɗu. Na sha haɗuwa da irinsa a ofisoshi, ba su da hular Nasara, amma kallon ɗaya ne.

Da na girma na taɓa ce mata, "Kaka, ki yafe masa mana, ya tsufa."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"In yahe mashi mi? Tahi ka tambaye shi. Har yau cewa shikai ranar nan ya gyara mota."