Ranar da na yi gasar tsalle da ɗan Masai a Ma'adi

Lokacin da abin ya faru ina aiki a ofishin jakadancinmu a Alƙahira. Na haura arba'in, ga tumbi ya fara leƙowa saboda cin koshari, abincin Masarawa na shinkafa da taliya, da zaman kujera, amma a raina har yanzu ni ne ɗan sakandaren nan da ya taɓa cin gasar tsalle a Zariya. Na sha ba 'yata ta fari wannan labari, kullum ina ƙara masa gishiri, har ta yarda babu mahaluƙin da ya kai babanta tashi sama. Ashe ta kai maganar makarantarsu da ke unguwar Ma'adi a nan Alƙahira, ta yi ta cika wa ƙawarta 'yar Kenya baki, ita kuma mahaifinta ɗan ƙabilar Masai ne.

Ranar bikin al'adu na makarantar, mutumin ya fito da 'yan'uwansa biyu cikin jajayen mayafai, suka yi da'ira suna waƙa daga maƙogwaro. Dogo ne siriri. Da ya shiga tsakiya sai ya miƙe sambal ya fara tashi, gwiwa ba ta lanƙwashe sosai ba, dunduniya ba ta taɓa ƙasa, yana sauka yana komawa kamar ƙwallon roba. Da suka gayyaci iyaye, kowa ya noƙe. 'Yata ta kamo hannuna tana cewa yalla Baba, wato mu je da Larabci, idonta cike da yarda. Tsoron kada yardar nan ta zube ne ya sa na tuɓe babbar riga.

Mutumin ya raɗa mini cewa in fara a hankali, in bar agara, wato jijiyar bayan ƙafa, ta yi aikin, domin su tun suna yara suke horar da ita da doguwar tafiya bayan shanu da yawan tsalle. Na yi masa murmushin na-sani. Na durƙusa irin na Zariya, na tashi da dukkan ƙarfina, aka yi tafi. Daɗin tafin ya sa na ƙara. A saukata ta uku na ji ɗas a bayan ƙafata, har na waiga in ga wanda ya jefe ni, sai ga ni zaune a ƙasa.

Ɗan Masai ɗin ne ya saɓa ni a kafaɗa har mota, yana ta ce mini ma'alish, wato sannu irin ta Masarawa, yana danne dariya. Likita ya ce agarar ce ta tsinke, aka yi ɗinki, na yi watanni ina dogara sanda. Ciwon bai dame ni kamar kunyar haɗa ido da yarinyar ba. Da na daure na ba ta haƙuri, sai ta yi mini kallon mamaki, ta ce ai duk makarantar maganata ake yi, don a cikin iyaye ni kaɗai na shiga fili. Wallahi na yi dariya har da hawaye. Mutumin kuwa ya zama aminina, shi ya koya mini atisayen ɗaga dunduniya a bakin matakala har na warke.

Ina jan kunnen iyaye irina: abin da wasu suka gina a jikinsu tun ƙuruciya ba a kwaikwayonsa a yini ɗaya, kuma a rage wa yara gishiri a labari. Ni na zaci sai na fi kowa tashi sama 'yata za ta yi alfahari da ni, ashe tashina daga kujera ya ishe ta.