Ranar Da Na Buɗe Wa Maƙwabci Hanyoyin Gida

Ina kula da na'urorin wani ƙaramin kamfanin intanet a Birnin Gwari. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mai wasuwasi ne, irin wanda kan koma sau uku ya duba ko ya kulle ƙofa. Injiniyarmu da ke zaune a Kaduna ita ta koya mini aikin da Hausa. Ta ce babbar na'urarmu tana sanar da hanyoyi ga na'urar wani kamfani da muke haɗe da shi, wanda a bakin masu aikin ake kira maƙwabci. Wasu hanyoyin kuwa, har da layin da asibitocin Gayam da Kutemeshi ke bi, ta sa musu alamar na gida, ta kafa ƙa'idar da ke hana a sanar da su waje.

Kalmar maƙwabci ce ta ci ni. Wata safiya ma'aikacin wancan kamfanin, dattijo sa'an babana, ya kira ni ya ce layinsu ya yanke a daji, in cire ƙa'idar su bi ta namu. Da na yi jinkiri, sai ya tambaye ni ko ba a koya mana haƙƙin maƙwabtaka a gidanmu ba, wai in ya zo ɗibar wuta ma sai na kira Kaduna? Tsoron alhaki ya kama ni, na cire. Kafin azahar mutanensu duk sun kwararo cikin siririn layinmu, ya cushe. Ungozomar Kutemeshi na ƙoƙarin nuna wa likita halin wata mai naƙuda ta waya, kira ya ƙi tafiya. A kan babur aka fito da matar, ta dajin da kowa ke tsoro. Cikin ikon Allah ta iso asibitin Birnin Gwari da rai. Da bakina na faɗa wa injiniya abin da na yi, ta mayar da ƙa'idar, ta bar ni da kunyata.

Da damina dattijon ya sake kira da irin wannan buƙatar. Na gaishe shi da ladabi, na ce a'a, sai abin da kamfanonin biyu suka amince da shi. Ya ce ɗan firamare ya samu wuri. Yanzu a majalisa ana ce mini marowaci. Su yi ta faɗa, ko gobe ba zan cire ba.

Na gane cewa kyauta da abin da aka ba ka amana ba alheri ba ne. Duk mai riƙe da irin wannan aiki, in aka matsa maka da kunya, ka fara tambayar kanka ran wa ke kan layin.